Wa Ya Ajiye Furar?

Shekarun baya can, lokacin da sabuwar tutarmu ko koɗewa ba ta fara yi ba, ina mushe, wato malamin makaranta, a lakol ɗin Agiye, saurayi mai farar taguwa da alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Na tuno zamanin ne saboda wani daga cikinku ya tambaye ni ko wajibi ne mai rubuta labarin fim ya ba abokan sana'a su karanta kafin ya kai shi gaba. Ya ce shi tsoron sata yake yi, kuma ba ya son raini. To ga abin da ya faru da ni, kowa ya ɗauki abin da ya ga zai amfane shi.

A shekarun nan akwai motar silima da ke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, a haska wa mutane yadda ake shuka gyaɗa a layi da yadda ake tace ruwan sha. Sai labari ya zo mana cewa wani buro, wato ofishin gwamnati, a Yamai yana neman labarai daga hannun matasa, waɗanda za a mayar gajerun finafinai da Hausa don wayar da kan mutanen karkara. Wanda aka zaɓi nasa, motar nan ce za ta yawata da shi gari gari. Ni da na ji haka ko abinci ban iya ci ba. Har na fara hango sunana a jikin ƙyallen.

Mu huɗu ne muka kamu da wannan ciwo. Akwai ni, akwai abokina mutumin Gidan Rumji wanda muke koyarwa tare, Bagobiri mai baki kamar reza, akwai wani akawu na buron kumandan mai mulkin yankin, sai wata ungozoma ta likita, wato asibitin garin, wadda ta girme mu duka kuma ta fi mu sanyin magana. Ranar Alhamis ba a lakol, don haka da la'asar muke haɗuwa ƙarƙashin itacen bedin da ke bayan aji, kowa da kayensa, wato littafin rubutunsa. Babu wanda ya koya mana yadda ake irin wannan zama. Da farko ma faɗa muke yi, domin da an taɓa labarin mutum sai ya miƙe yana kare shi kamar an zagi ubansa. Ungozoma ce ta kafa mana doka: wanda za a karanta nasa, a ba shi goro guda ya cika baki, ya koma gefe. Sauran su raba mutanen labarin a tsakaninsu, su karanta da murya, sannan su faɗi abin da suka ji. Shi kuwa ba shi da bakin magana har sai goron ya ƙare.

Na ji daɗin dokar nan matuƙa ranar da ta hau kan abokina. A labarinsa an kashe wani dillali tun a fitowa ta biyu, sai ga shi can gaba yana cinikin bijimi a kasuwar Gidan Rumji, lafiyarsa ƙalau. Ni na gano, kuma ban rufa masa asiri ba. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ashe a Gobir matattu ma ba sa barin la'ada. Yana gefe da goro a baki, idanu jawur, ya ɗaga mini yatsa ɗaya kawai, ma'ana akwai ranata.

Kafin in faɗi nawa labarin, sai kun san gidanmu. Mu mutanen Gangara ne. Kakanninmu makiyaya ne da suka gangaro daga arewa, suka ajiye sanda suka ɗauki hauya. Shanun sun ƙare tun kafin a haife ni, amma kunyar da suka zo da ita tana nan daram. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar mahaifina, a cikin gida ɗaya. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. In tana son a ba ni saƙo sai ta ce da duk wanda ke kusa, ko da akuya ce, "A gaya ma wancan." Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma na ga gidajen da ake sassautawa, uwa ta saci jiki ta shafa kan ɗanta in ba kowa. Tawa ba ta taɓa ba. Ranar da aka ɗauke ni zuwa lakol ina kuka, ko leƙowa ba ta yi ba. Na girma da wannan abu a raina, kuma gaskiyar magana ina jin haushinta.

Saboda haka da aka ce a rubuta abin da zai wayar da kai, ban yi dogon nema ba. Na rubuta labarin wani yaro ɗan fari da uwarsa mai zuciyar dutse, da kakarsa mai tausayi wadda kullum take ajiye masa ƙoƙon fura a bakin ɗaki, an rufe da faifai. Kakar ta rasu a tsakiyar labari, yaron ya yi karatu ya zama mutum, a ƙarshe ya tsaya a tsakar gida ya yi wa uwar jawabi mai shafi biyu a kan cewa ƙasa ta sami 'yanci, ya kamata zukata ma su samu. Uwar ta fashe da kuka ta roƙi gafara. Ina rubuta jawabin nan ina share hawaye, ina ganin ba a taɓa yin irinsa ba. Ban sa sunan kowa ba, amma ban canza komai ba: ga rumbu biyu, ga tsamiya a bayan gida, ga ƙoƙon da ya tsage aka ɗinke. Duk ɗan Gangara da ya kalla zai san matar da ake nufi. Kuma haka nake so. A raina na ƙudura cewa in Allah ya sa aka zaɓa, a filin kasuwar Gangara za a fara haskawa.

Ranata ta zo. Abokina da kansa ya sayo goron, ya zaɓo mafi girma a faranti, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai gaisuwar suruki. Na karɓa ina murmushi, don na tabbata yabo kawai zan sha. Shi ya ɗauki yaron, akawu ya ɗauki kaka da bayanin abin da kamara za ta nuna, ungozoma ta ɗauki uwar.

Suka karanta tun daga farko har ƙarshe. Abokina ya zuba jawabin nan da murya irin ta masu siyasa, har da buga ƙirji, kuma a bakinsa sai na ji jawabin ya yi tsawo fiye da yadda na sani. Akawu ya ce labarin yana da rai, sai dai jawabin ya kamata a rage. Wannan ban damu ba. Abokina kuwa yana ta juya shafuka baya, yana lasar yatsa, fuskarsa cike da jin daɗin wanda tarkonsa ya kama.

"To, Mushe," ya ce, "kai da ka iya gano matattu cikin kasuwa. Wagga tsohuwa taka, a fitowa ta nawa ta mutu?"

Na ɗaga yatsu na nuna masa.

"Madalla. Mun yi mata sutura, mun kai ta. To ga yaro ya dawo hutu bayan nan, ka rubuta da hannunka: ya iske ƙoƙon hura bakin ɗaki, an ruhe da faifai. Ga shi ya sake dawowa shina saurayi, ƙoƙo na nan. Ranar jawabin ma sai da ya sha hurarshi ya goge baki kahin ya hita zagin uwa tai. Wa ka ajiye ta? Tsohuwar ce ka tasowa daga kushewa tana damu?"

Akawu ya tuntsire da dariya. Ni ma na so in yi, in nuna cewa kuskuren alƙalami ne, a goge a wuce. Amma ban yi ba. Domin ba kuskure na yi ba. Na rubuta abin yadda na san shi ne. Kakata ta rasu ina aji na huɗu, kuma tun daga lokacin har hutun da ya wuce, ban taɓa shiga gidanmu na rasa ƙoƙon nan a bakin ɗaki ba. Fura mai laushi, da nono mai ɗan zaƙi ba tsami ba, ba yaji, don yaji yana sa ni tari. Ina zuwa in ɗauka in sha in ajiye, kamar yadda mutum ke shan iska. Ban taɓa tambayar kaina ba, ko sau ɗaya.

Ungozoma ba ta yi dariya ba. Ta jawo kayen daga hannun abokina ta buɗe wani wuri.

"Ni ma akwai inda ya tsaya mini," ta ce a hankali. "Ka rubuta nan cewa duk sadda yaron ya zo hutu, uwar takan tashi da sassafe ta kafa turmi daidai bayan ɗakinshi, ta yi ta daka don ta hana shi barci. Ka ce mugunta ce. To ni mace ce, ina da tambaya. Gidan ba a dama hura sai rana ta take, kai ka rubuta haka a farko. Geron mi take dakawa da sassafe, kuma sai in yaron na gida?"

Goron da ke bakina ya zama kamar ɓawon itace, na kasa taunawa na kasa tofarwa. Na ji sautin taɓaryar nan a kunnena, wadda na sha jan bargo in rufe kai saboda ita ina tsaki.

"Ni na karanta matar nan da bakina," ungozoma ta ci gaba, "kuma ban ji ƙiyayya ba. Na yi ta nema don in fito da ita, ban samu ba. Abin da ka ce tana yi daban, abin da ka nuna tana yi daban. Mu dai abin da munka gani cikin takarda muka faɗi. In labarin ƙagagge ne, sai ka zaɓi ɗaya: ko ka cire ƙoƙon, ko ka cire jawabin."

Abokina ya dube ni, dariyarsa ta ɗauke. Ya daɗe da sanina, ya taɓa raka ni Gangara, ya ga rumbunan nan biyu da idonsa. Ina ganin a lokacin ne ya gane abin da ya taka. Ya ce, "Tofar da goron, Mushe, ka yi magana." Ungozoma ta ce a'a, doka doka ce, kuma yau ma ta fi amfani. Na gode mata har gobe. Da an bar ni na buɗe baki a lokacin, da na kare kaina, domin na iya, kuma da na yi nasara a kansu na tura labarin yadda yake.

Kwanakin da suka biyo baya ban san me na koya wa yara ba. Zuciyata tana ta kawo mini mafita: wataƙila ƙannena ne, alhali lokacin da kaka ta rasu babbar cikinsu ko tulu ba ta iya ɗauka, wataƙila wata maƙwabciya ce. Da ranar kasuwar Gangara ta zagayo na nemi izini wurin darektan lakol, na hau kamyon, babbar motar 'yan kasuwa da ke bi ta Gazawa, na zauna a kan buhunan gishiri.

Ban wuce gida kai tsaye ba. Na nemi gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye kusa kuma take kawo daddawa kasuwa. Ita ba ta da kunyar kowa. Bayan mun gaisa na tsuguna gefen tallarta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye ta wa ya ci gaba da dama mini fura bayan rasuwar kaka.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Bayan rasuwatta? Kai dai an yi asarar kuɗin alli. Tsohuwa da sanyin ƙashi ya murɗe ma yatsu tun kana rarrafe, ko ludayi ba ta riƙewa da kyau, ita za ta yi maka daka? Miƙo maka dai take yi. Uwarka ka damawa ta aje mata bayan ɗaki." Ta kori ƙuda daga kan daddawa ta ƙara da cewa, "Nonon ma, tun da gidan ba shanu, har ruga take tahiya da ƙahwa ta samo wanda bai yi tsami ba, wai wancan ba ya son tsami. Ran da anka kai ka lakol kuwa, cikin hatsi ta bi ku tana laɓewa har kunka wuce tabki. Ni na tarbo ta, ƙaya duk ta yage mata zane. Mi ya kawo tambayar?"

Na ce ba komai. Na miƙe. Na zo ne da shirin jin rabin abu, sai ga shi tun daga tushe ban san komai ba. Ko kakar da na gina labarin a kan alherinta, ashe 'yar aike ce. Na tsaya a tsakiyar kasuwar nan ina kallon filin da na so a kafa ƙyallen, inda mata ke zama a gefe ɗaya in motar silima ta zo. Na hango mahaifiyata a cikinsu, ana waiwayowa ana kallonta, ita kuwa ba ta da bakin da za ta ce ba haka ba ne, don kunyar da ta hana ta kiran sunana ita za ta hana ta kare kanta.

Na isa gida da azahar ba tare da an san da zuwana ba. Mahaifiyata tana tsakar gida tana sussuka. Na gaishe ta, ta amsa wa turmi kamar yadda ta saba, ta juya baya. Na shiga ɗakin kaka, wanda ya zama nawa, na saki asabari amma na bar 'yar kafa, na kwanta kamar mai barcin gajiya. Ba a jima ba na ji taɓarya a bayan ɗaki. Ban taɓa sauraronta ba sai ranar. Can da la'asar inuwa ta faɗo a bakin ƙofa. Ban ga fuskarta ba, hannu kawai na gani, da munduwar ƙarfe guda, ya ajiye ƙoƙon a hankali, ya gyara zaman faifan, ya ɗan tsaya a kansa, sannan ya janye.

Na yi niyyar faɗin abubuwa da yawa, ni mai jawabin shafi biyu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, hurar tana daɗi. Tun ta da."

Inuwar ta tsaya cik. Na ji numfashinta. Sai ta juya wajen akuyar da ke ɗaure a gindin rumbu, ta ce da ita, "A gaya ma wancan ya riƙa maida faifan in ya sha. Kullum sai ya bar shi buɗe, ƙuda na faɗawa." Ta tafi abinta. Na zauna da ƙoƙon a hannu na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka kai ni lakol.

Alhamis ta gaba na koma ƙarƙashin bedi da sabon rubutu. Na cire jawabin gaba ɗaya. Na canza gidan, na mayar da shi wani gari, na sare tsamiyar. Uwar ba ta kuka, ba ta roƙon kowa gafara, kuma kamara ba ta nuna fuskarta ko sau ɗaya, sai hannu da ƙoƙo. Abokina ya karanta yaron ba tare da buga ƙirji ba, da ya kai ƙarshe ya yi ta gyaran murya yana cewa goro ne ya sarƙe shi, alhali goron yana bakina. Duk da haka sai da suka sake samo mini gyara, don ba sa barin mutum ya tafi hannu wofi. Mun tura, ba a zaɓa ba, kuma ban taɓa jin takaicin hakan ba.

Saboda haka, kai da ka yi tambaya, ga amsata. Ba don abokan nan sun fi ni iya rubutu suka ga abin da ban gani ba. Abokina har ya bar duniya bai daina tayar da matattu a labaransa ba. Sun gani ne domin su takardar kawai suke karantawa, ni kuwa haushina nake karantawa a kanta. Ka nemi mutum biyu ko uku da ba sa jin nauyinka, ka ba su, ka toshe bakinka da ko mene ne har su gama. Wani lokaci hujin da za su nuna maka kuskure ne a goge, wani lokaci kuwa nan ne labarin yake.

Mahaifiyata ta rayu shekaru masu yawa bayan wannan, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ni ma ban sake jira ba. Ba ta taɓa sanin abin da na kusa yi mata a filin kasuwa ba. Har yau in na tuna saura ƙiris, sai gabana ya faɗi. Ƙoƙon yana wurina, ɗinkin ya sake tsagewa, ba a iya zuba komai a ciki. Matata ta sha tambayata dalilin da ya sa nake rufe ƙoƙon da babu komai a cikinsa, ni dai kullum sai na mayar da faifan.